SHARHI: Ƙofar Nesa Ta Kamfani Da Wanda Ke Riƙe Da Mabuɗinta

Babu ɗan kasuwar da zai gina sito a Apapa ko Anacha, ya cika shi da kaya na miliyoyin naira, sa'an nan ya bar wa kafintan da ya kafa ƙofar ya yanke shawarar mutum nawa za su riƙe mabuɗi. Amma kuwa abin da ke faruwa ke nan a kamfanoni da dama na ƙasar nan dangane da rumbun kwamfuta, watau babbar na'urar nan da ma'aikata ke kira saba, inda ake ajiye lissafin kuɗi, da jerin kayan da ke sito, da albashin ma'aikata, da sunayen abokan ciniki tare da bashin da ake bin kowannensu. Wannan rumbu yana da ƙofa wadda ake shiga daga nesa, kuma a wurare da yawa mai kamfanin bai san adadin masu iya buɗe ta ba.

Babu shakka shiga rumbu daga nesa ya kawo wa harkar kasuwanci sauƙi mai yawa. Akantan da ke zaune gaban kwamfutar tebur a reshen Fatakwal yana iya shigar da cinikin ranar a cikin rumbun da ke hedkwata a Legas, manajan da ke Kano ya ga lissafin kafin sallar magariba, ba tare da an aika kowa da takardu ta tashar mota ba. Wasu kamfanonin ma ba su da rumbu a ofishinsu, haya suke yi a cibiyoyin ajiye bayanai da ke Legas ko ƙasashen waje, saboda haka duk wata hulɗa da suke yi da dukiyarsu ta bayanai daga nesa suke yin ta. Idan dai za a iya tunawa, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga a Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga watan Maris na 2020 saboda annobar korona, kamfanonin da suka ci gaba da aiki su ne waɗanda ma'aikatansu ke iya kaiwa ga rumbu daga gida. An buɗe ƙofofi da yawa cikin gaggawa a wancan lokaci, kuma ba kowa ba ne ya koma ya duba yadda aka bar su.

Ra'ayin da wannan sharhi ke son tsayarwa shi ne, tsaron wannan ƙofa shawara ce ta mai dukiya, kuma kuskure ne babba a sallama ta kacokan ga injiniyan da aka ɗauko ya haɗa na'urori. Kafin a kai ga dalilin haka, ya dace a fahimci abin da ke faruwa a duk lokacin da kwamfutar tebur ta nemi rumbu.

Saƙon da ya tashi daga kwamfutar akanta ba ya isa rumbu kai tsaye. Yana bi ta na'urar raba intanet ta ofis, ya shiga layin kamfanin sadarwa, ya ratsa na'urori masu yawa na mutanen da mai saƙon bai sani ba. Tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, wadda ake kira Telnet, an ƙirƙiro ta tun 1969, zamanin da masu amfani da layin ba su da yawa kuma akasarinsu masu bincike ne da suka san juna. Telnet tana aika sunan mai shiga da kalmarsa ta sirri a fili, tamkar a ba direban mota wasiƙa ba tare da ambulan ba. Duk wanda ya samu tsayawa a kan hanya yana iya karantawa.

A 1995 aka gano cewa wani ya dasa manhajar satar kalmomin sirri a layin Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan. Wani mai bincike na jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta wata manhaja da ya sa wa suna SSH, ya sake ta kyauta a watan Yuli na shekarar. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin mutum 20,000 a ƙasashe 50 sun rungume ta. Kowane irin aiki a rumbu yana da ƙofarsa mai lamba, ita kuwa SSH aka ba ta ƙofa ta 22, maƙwabciyar ƙofa ta 23 inda Telnet take. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a duniya, a 2006 kuma aka tabbatar da tsari na biyu na SSH a matsayin ma'aunin da masana intanet suka amince da shi.

Ayyuka uku SSH ke yi. Na farko, tana rikita duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutar tebur da rumbu, ta yadda wanda ya tare saƙon a hanya ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. Na biyu, tana tabbatar wa mai shiga cewa rumbun da ya amsa masa shi ne na gaskiya. Kowane rumbu yana da tambarinsa, kwamfutar tebur tana adana shi tun haɗuwar farko, idan kuwa wata rana tambarin ya canza sai ta yi gargaɗi. Na uku, tana tabbatar wa rumbu ko wane ne mai shiga, kuma a nan ne babbar fa'idar take. A maimakon kalmar sirri, ana iya yin amfani da mabuɗi mai ɓangare biyu, wanda ya yi kama da kwaɗo da makullinsa. Ana ɗora kwaɗon a kan rumbu, babu laifi ko kowa ya gan shi. Makullin kuwa yana zaune a kwamfutar mai shi, ba ya fita, ba ya bin layi ko da a lokacin shiga, kuma ana iya kulle shi kansa da wata jimla ta sirri. Wanda ba shi da makullin, ko da zai shekara yana gwada kalmomi, ƙofar ba za ta buɗe ba.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne, duk wannan ba ya bukatar canjin kuɗin waje. OpenSSH kyauta ce, tana zuwa a cikin Linux da kwamfutocin Apple, kuma tun 2018 kamfanin Microsoft ya sanya ta a cikin Windows 10. Ga kamfanonin da ke aiki da manhajar lissafi ta Windows, waɗanda ma'aikatansu ke bukatar ganin fuskar rumbun a gabansu, hanyar da aka saba ita ce RDP, mai amfani da ƙofa ta 3389. Ita ma ana iya killace ta a bayan hanyar sirri ta VPN, akwai kuma manhajojin VPN na kyauta irin su OpenVPN da WireGuard. Ke nan kwaɗo mai ƙarfi ya samu tun shekaru 30 da suka wuce, kuma a araha. Manyan asarorin da aka tafka a 'yan shekarun nan sun fito ne daga yadda ake riƙon mabuɗi.

Misalin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, mai bututun mai da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 8,850, daga jihar Texas zuwa yankin New York, wanda ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabashin ƙasar. A ranar 7 ga watan Mayu na 2021 kamfanin ya rufe bututun baki ɗaya bayan da wasu masu kutse da ake kira DarkSide suka kulle bayanansa, bai fara sake turo mai ba sai ranar 12 ga watan. Layukan motoci suka yi tsawo a gidajen mai, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4, ko da yake daga baya hukumomin ƙasar sun ƙwato abin da ya kai dala miliyan 2.3. Da bincike ya yi nisa, sai aka tarar ɓarayin sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Shugaban kamfanin, Joseph Blount, ya shaida wa Majalisar Dattijan Amurka a watan Yuni na shekarar cewa kalmar sirri kaɗai ke tsare da wannan asusu, babu wata shaida ta biyu.

Shekara uku bayan haka aka maimaita kusan irin wannan labari. A watan Fabrairu na 2024 masu kutse suka shiga kamfanin Change Healthcare, wanda ke daidaita biyan kuɗin asibitoci da kantunan magani a Amurka, ta wata ƙofar shiga daga nesa da ba ta da shaida ta biyu. Sun yi kwana tara suna yawo a ciki kafin su kulle na'urorin. An biya su dala miliyan 22, bayanan mutum kimanin miliyan 190 kuma suka salwanta. Tun kafin nan, a 2013, an sace bayanan katunan banki miliyan 40 daga rukunin kantunan Target, kuma ɓarayin sun bi ne ta izinin shiga da aka bai wa wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyi. A duk waɗannan wurare uku babu wanda ya fasa kwaɗo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani ɗan kasuwa zai ce waɗannan manyan kamfanoni ne na Turawa, shi kuwa mai sayar da hatsi ne ko kayan gyaran mota, wa zai ɓata lokaci a kansa. Wannan tunani ya ginu ne a kan zaton cewa ɓarawo yana zaɓen gida kafin ya fito. Adireshin intanet na tsohon tsari, wanda har yanzu shi aka fi amfani da shi, bai wuce miliyan dubu 4 da miliyan 300 ba, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi tana iya ƙwanƙwasa ƙofa guda a dukkansu cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Na'ura ce ke zagayen, dare da rana, tana taɓa ƙofa ta 22 da ta 3389 a kowane adireshi, tana gwada kalmomin da aka saba sawa. Sai ƙofa ta buɗe sa'an nan mutum ke zuwa ya duba ko gidan wa ya faɗa, ya yanka fansa daidai ƙarfin mai gidan. Ƙaramin kamfani ma ya fi shiga haɗari, domin wanda ya rasa littafin bashinsa na mako biyu yana iya rasa jarinsa.

To, idan kwaɗon kyauta ne, haɗarin kuma sananne ne, me ya sa ake barin ƙofa a buɗe? Amsar tana cikin wata tsohuwar matsala da masana tattalin arziki suka daɗe da sani, watau bambancin muradi tsakanin mai dukiya da wakilinsa. Injiniyan da ke kula da kwamfutocin kamfani goma yana samun sauƙi idan ya bar wa kansa hanya a buɗe, ya sa kalmar sirri iri ɗaya a ko'ina, ko ya dasa AnyDesk ko TeamViewer ya bar su a kunne domin ya yi gyara daga gida ba tare da shiga cunkoson Legas ba. Ma'aikaci ma yana samun sauƙi idan sashe guda na amfani da asusu ɗaya, an rubuta kalmar a takarda an manna jikin kwamfuta. Babu mugun nufi a ciki. Sai dai ribar wannan sauƙi tasu ce, asarar kuwa idan ta zo ta mai kamfani ce da abokan cinikinsa. Muddin wanda ke buɗe ƙofa ba shi ne zai biya diyya ba, ƙofar za ta ci gaba da zama a buɗe, sai fa idan mai asarar ya sa baki da kansa.

Sa bakin nan ba ya bukatar mai kamfani ya koma makaranta. Tambayoyi kaɗan ne, kuma irinsu yake yi wa mai gadin sito. Ta farko, su wane ne ke iya shiga rumbun daga nesa, da sunayensu a rubuce? Wajibi ne kowane mutum ya kasance da asusunsa da mabuɗinsa, domin asusun tarayya yana hana a gane wanda ya yi abu. Ta biyu, idan ma'aikaci ya bar aiki ko kwangilar injiniya ta ƙare, wa ke soke izininsa, kuma a wace rana? Kamata ya yi soke izini ya shiga cikin takardar sallama, a yi shi rana ɗaya da karɓar katin shaida. Ta uku, shin akwai wata ƙofa da kalmar sirri kaɗai ke tsare da ita? A SSH ana iya hana shiga da kalmar sirri ɗungurungum, a bar mabuɗi kawai, a kuma hana babban asusun rumbu shiga kai tsaye daga waje. A VPN da sauransu ana ƙara shaida ta biyu, watau lambar da ke sauyawa a wayar ma'aikaci ko ɗan mabuɗin ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta. Ta huɗu, shin ƙofar RDP tana fuskantar intanet tsirara, ko sai an bi ta VPN? Ta biyar, wa ke karanta rajistar shiga da fita, wanda zai lura idan asusun akantan Ibadan ya shiga da ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa?

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan waɗannan matakai, kuma wasu daga cikinsu suna da tushe. Ma'aikata kan ce lambar da ake turowa ta saƙon waya tana makara idan sabis ya yi rauni, aiki ya tsaya. Gaskiya ne, kuma saƙon waya yana da wata illar, domin 'yan damfara kan sace layin mutum ta hanyar sauya masa kati. Mafita ita ce manhajar da ke samar da lambar a cikin wayar kanta, wadda ba ta bukatar sabis ko kaɗan. Wasu kan ce mabuɗin ƙarfe da dala ake sayensa. Haka ne, amma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta babbar mota ba, kuma mutum uku ko huɗu masu riƙe da manyan asusu ne kawai ke bukatarsa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ɓata lokaci, cewa kowane ƙarin mataki yana rage saurin aiki. Wannan farashi ne na haƙiƙa, sai dai daƙiƙoƙi ne a kowace safiya, kuma ana auna su ne da kwanakin da kamfani zai yi a rufe.

Har wa yau, bai kamata a manta da ita kanta kwamfutar tebur ba. Makulli yana zaune ne a cikinta, saboda haka idan ɓarawo ya mallake ta, ya mallaki hanyar. Kwamfutar da ake shiga rumbun kamfani da ita ba ta dace da sauke finafinai ko manhajojin sata ba, ba ta kuma dace da tsohuwar Windows da aka daina yi wa faci ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, wa'adin tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma shi ne Oktoba na 2025. A watan Mayu na 2019 an gano wata ɓaraka a RDP, wadda aka yi wa laƙabi da BlueKeep, mai ba da damar shiga ba tare da kalmar sirri ba, muninta ya sa kamfanin ya fitar da faci har ga Windows XP wadda ya yi watsi da ita tun 2014. Wanda bai ɗora facin ba, ƙofarsa ta zauna a buɗe komai kyawun kalmarsa. Haka kuma idan kwamfuta ta yi gargaɗin cewa tambarin rumbu ya canza, wajibi ne ma'aikaci ya tsaya ya tambaya kafin ya ci gaba.

Adalci ne a faɗa cewa ita ma SSH ba ta fi ƙarfin makirci ba. A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga ta SSH a kwamfutarsa ta gwaji yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna XZ Utils, kuma wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana neman amincewar masu kula da manhajar. An toshe ta kafin ta isa akasarin rumbunan duniya. Darasin da ke ciki shi ne, babu kwaɗon da ke ɗauke wa mai dukiya nauyin tanadi. Dole ne a riƙa sabunta manhaja, a kuma ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da rumbu, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci. Kamfanin da ke da irin wannan kwafi yana da bakin cewa ba zai biya fansa ba.

Dokar ƙasa ma ta riga ta ɗora nauyin a wuyan mai kamfani. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Babban Bankin Nijeriya kuma tun 2018 ya gindaya wa bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ƙa'idojin tsaron kwamfuta, inda ya ɗora alhakin sa ido a kan hukumar daraktoci. A duk waɗannan dokoki kamfani ake tuhuma, cewa injiniya ne ya haɗa ba ta zama hujja.

Saboda haka akwai aiki a gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na jihohi. Suna iya tsara takardar yarjejeniya guda, cikin Hausa da Turanci, wadda mambobinsu za su riƙa sa hannu a kai da duk injiniyan da za su ɗauka, ta fayyace cewa izinin shiga daga nesa na wa'adi ne, da sunan mutum ɗaya, kuma mai kamfani ne ke riƙe da babban mabuɗi. Masu binciken kuɗi na ƙarshen shekara su ma ya dace su riƙa neman jerin masu izinin shiga rumbu kamar yadda suke neman jerin masu sa hannu a asusun banki. Shi kuwa mai kamfani, abin da ya rage masa shi ne ya kira injiniyansa cikin makon nan, ya nemi a kawo masa wannan jeri a rubuce, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da bai gane ba, da na duk wanda ya bar aiki, a soke shi kafin a tashi daga ofis.